Gansakukar da ido ba ya gani a bakin teku: tambayoyi da amsoshi

Duk wanda ya tsaya a bakin teku bayan ruwa ya janye, abin da zai gani bai wuce yashi a shimfiɗe ba, ko laka, ko duwatsu tsirara. Sai ya ɗauka babu abin da ke tsirowa a wurin. Alhali kuwa saman yashin nan da duwatsun a lulluɓe suke da rai, wata 'yar shimfiɗa da kaurinta bai fi milimita 2 ko 3 ba, wadda kusan duk abin da ke kiwo a gaɓar teku a kanta ya dogara. Tambayoyin da ke biye a kan wannan shimfiɗa ne.

Wace gansakuka ce wannan, kuma me ya raba ta da ciyawar teku?

Ciyawar teku ana kama ta da hannu, wata ma tsawonta yakan kai mitoci da yawa. Waɗannan kuwa kowace ɗaya ƙwayar halitta ce guda tak, ita kaɗai take ci, take girma, take hayayyafa. Abin da ya haɗa su da tsirrai shi ne da hasken rana suke haɗa abincinsu: su ɗauki ruwa da iskar kabon dayoksaid, su mayar da su sukari da mai, su saki oksijin.

Waɗanda suka fi yawa a yashi da laka su ne dayatom, masu launin ruwan ƙasa da ya ɗan ja zuwa ruwan zinare. Akwai sayanobakteriya, wadda a asali bakteriya ce, amma saboda ita ma da haske take rayuwa, aka daɗe ana lissafa ta cikin gansakuka. Akwai dainofilajilet, masu siraran bulalu biyu da suke iyo da su a ɗan ruwan da ke tsakanin ƙwayoyin yashi. Sai yugilina, koriya shar, wadda ta fi son laka mai yawan ruɓaɓɓen abu.

Yaya ƙanƙantarsu take?

Da mikiromita ake auna su, wato milimita ɗaya a raba ta gida 1,000. Yawancin dayatom tsakanin mikiromita 2 ne zuwa 200. Kaurin gashin kan mutum yana wajen 50 zuwa 100, ka ga ke nan da yawansu ko kaurin gashi ba su kai ba. Ƙwayar yashi guda tana iya ɗaukar gommansu, sun laɓe a cikin 'yan ramukan da ke jikinta.

To idan ido ba ya ganinsu, ta yaya mutum zai san suna wurin?

Ɗaya-ɗaya ne ba a gani. Idan suka taru, launinsu yakan tona su. Je filin laka da hantsi, bayan ruwa ya yi awa ɗaya ko biyu da janyewa. Lakar da ɗazu take ruwan toka za ka tarar ta yi dabbare-dabbare da ruwan zinare, tana ɗan sheƙi. Ka shafa da yatsa, launin zai biyo yatsanka, ƙasan kuma ya koma toka-toka yadda yake. Idan ka sunkuya sosai a rana mai ƙarfi, kana iya ganin ƙananan kumfar iska a maƙale a saman lakar, a ƙarƙashin ɗan ruwan da ya rage. Oksijin ɗin da suke fitarwa ke nan.

A kan dutse kuwa ƙafa ce take fara ba da labari. Santsin nan da ke kayar da mutum a kan dutsen da ya yi kamar babu komai a kansa, yauƙinsu ne.

Da gaske ne jikin dayatom gilashi ne?

Kwansonta ne gilashi. Tana tsotsar narkakkiyar silika daga ruwa, sinadarin da ake yin gilashi da shi, ta gina wa kanta gida mai ɓari biyu, ɗaya ya shige cikin ɗaya kamar gwangwani da murfinsa. Jikin kwanson cike yake da ƙananan huji a jere, ta nan abinci da iska ke shiga da fita, kuma tsarin hujin ya bambanta daga wannan nau'i zuwa wancan. Da shi masana suke tantance su. Tun a 1703 aka buga zanen dayatom na farko a mujallar ƙungiyar masana ta Royal Society a Landan, kuma har yau duk wanda ya fara ganinta a madubin likita yakan yi wuya ya yarda cewa ba hannu ne ya sassaƙa ta ba.

Gidan gilashi yana da wahalarsa, domin ba ya miƙewa. Idan dayatom za ta rabu biyu, kowace 'ya takan ɗauki ɓari ɗaya na tsohon kwanso, ta mayar da shi murfi, ta gina sabon ɓari a cikinsa. Wadda ta gaji murfin uwa za ta fito daidai da girman uwa. Wadda ta gaji na ƙasa kuwa dole ta ɗan fi ƙanƙanta. Haka zuriya za ta yi ta raguwa, rabuwa bayan rabuwa, har girman ya sauka zuwa wani mizani. A nan sai su sauya hanya: ƙwayoyin haihuwa biyu su haɗu, su samar da wata ƙwaya marar taurin kwanso, ta kumbura har ta kai cikakken girman kakanninta, sannan ta gina sabon gida.

Bayan mutuwa, kwanson ba ya saurin ruɓewa. A inda ya taru shekaru miliyoyi a ƙasan teku, yakan zama wata farar ƙasa marar nauyi, irin wadda ake haƙa a Lomfok ta jihar Kalifoniya a Amurka. Da ita ake tace ruwa da sauran abubuwan sha, kuma irin wannan ƙasar ce Alfred Nobel, masanin sinadarai ɗan ƙasar Suwidin, ya jiƙa da wani ruwa mai fashewa da ake kira naitirogilisarin ya samar da nakiyar dainamait, wadda ya yi wa rajista a 1867.

Ruwa yana cikowa yana janyewa kullum. Me ya hana ya kwashe su?

Dabara biyu ce, kuma irin ƙasar wurin ce ke zaɓar wadda za ta yi aiki.

A gaɓar yashi, inda igiyar ruwa ke juya ƙwayoyin yashi dare da rana, waɗanda suka tsira ƙanana ne ƙwarai, kuma manne suke da ƙwayar yashin. Ba sa zama a kan tudun ƙwayar inda gogayya za ta murƙushe su, sai cikin lungunanta. Duk inda ruwa ya kai ƙwayar, tare suke tafiya. Idan yashi ya binne su cikin duhu, suna iya daɗewa a raye, suna cin ajiyar da suka tara a jikinsu, har wata igiyar ta sake fito da su sarari.

A laka kuwa, inda ruwa ya fi natsuwa, manyan dayatom masu tafiya ne ke mulki, kuma abin da suke yi ya fi komai ɗaure kai a wannan fanni. Haske ba ya ratsa laka sai ɗan abin da bai kai milimita ɗaya ba. Don haka da ruwa ya janye da rana, sai su hauro sama su sha haske. Kafin ruwa ya dawo, sai su nutse su koma ƙasa. A lura, kafin ya dawo ne, ba bayan ya iso ba. Idan kuma da dare ruwan ya janye, ba sa wahalar da kansu su fito.

Masana biyu, John Palmer da Frank Round, sun bi diddigin wannan a wata dayatom mai suna Hantzschia virgata, a gaɓar Banstabul da ke Kef Kod a Amurka, suka buga sakamakon a 1967. Sun ɗebo ƙasar suka kai ɗakin bincike, inda babu cikowar ruwa kuma hasken fitila ba ya sauyawa. Duk da haka dayatom ɗin suka ci gaba da fitowa da komawa na tsawon kwanaki, daidai da lokacin da ruwa ke janyewa a gaɓar da aka ɗebo su. Lokacin janyewar ruwa yakan jinkirta da kusan minti 50 kowace rana, su ma haka fitowarsu ta riƙa jinkirta. Halitta mai ƙwaya ɗaya, ba ƙwaƙwalwa, ba jijiya, amma tana riƙe da lissafin rana da na teku a lokaci guda. Wannan kaɗai ya isa a daina kallon laka a matsayin matacciyar ƙasa.

Ba ƙafa, ba bulala, da me dayatom take tafiya?

Masu tafiyar suna da wata siririyar tsaga a tsawon kwansonsu. Ta cikinta suke fitar da yauƙi ya manne da ƙasa, su kuma su ja jikinsu a kansa, gaba ko baya, suna barin sawun yauƙin a bayansu. A madubi za ka ga ta zame a hankali, ta tsaya, ta koma da baya ba tare da ta juya ba.

Wannan yauƙin yana da wani amfani ban da tafiya?

Yana da shi, babba ma kuwa. Idan miliyoyin dayatom suka yi ta hawa da sauka sau da yawa, yauƙin da suka bari yakan ɗaure ƙwayoyin laka da juna, ya yi musu wata fata a sama. Lakar da ke da wannan fata sai ruwa ya yi ƙarfi sosai kafin ya iya kwasarta. Yauƙin yana kuma riƙe danshi lokacin da rana ta buɗe, kuma abinci ne ga bakteriya.

An ga misalin haka a Mashigin Fandi na Kanada, wurin da tazarar cikowar ruwa da janyewarsa ta fi ta ko'ina a duniya. Lakar wurin cike take da wani ɗan mitsitsin dangin jatan lande mai suna Corophium, wanda dayatom yake ci. A ƙarshen bazara, tsuntsayen gaɓa masu ƙaura sukan sauka da yawan gaske su yi ta cin Corophium. Binciken da aka buga a 1993 ya nuna cewa bayan zuwan tsuntsayen lakar takan ƙara ƙarfi: mai cin dayatom ya ragu, yauƙi ya ƙaru, ƙasa ta kama. Tsuntsun da ya taso daga can arewa mai nisa ya zo ya sauya taurin ƙasar da yake takawa, ta hannun halittar da ba a gani.

Na kan duwatsu fa, su yaya suke yi?

Rayuwar kan dutse ta fi tsanani. Babu inda za a nutse a ɓuya. Rana ta gasa dutsen, ruwan da ya rage ya ƙafe ya bar gishiri, ruwan sama ya zo ya wanke gishirin gaba ɗaya, sannan igiya ta dawo da duka. Saboda haka kowane tsayi na dutsen da masu iya zama a kansa. Ƙasa-ƙasa, inda ruwa ke rufewa kullum, dayatom ne suka fi yawa. Can sama, inda feshin igiya kaɗai ke kaiwa, sayanobakteriya ce ke jurewa, domin tana iya bushewa ƙayau ta farfaɗo da ruwa ya taɓa ta. Baƙin layin nan da ake gani a saman duwatsun gaɓa a ƙasashe da yawa, wanda mutane kan ɗauka ɗanyen mai ne ya malala, galibi ita ce tare da wani baƙin laikin, wato haɗakar naman gwari da gansakuka. A dutsen farar ƙasa, wasu ma huda dutsen suke yi su shige ciki, kuma a hankali suna taimakawa wajen cinye shi.

Dalilin da ya sa dutsen ke zama kamar an share shi kuwa, masu kiwo ne. Babbarsu wata katantanwa ce mai faffaɗan gindi da tsini a sama, wadda ke manne da dutse gam. Idan ruwa ya rufe ta ko dare ya yi da danshi, sai ta fita kiwo tana kankare dutsen da wani dogon harshe mai jerin haƙora, ta gama ta komo daidai gurbin da ta baro, wanda bakin kwansonta ya riga ya dace da shi. Haƙoran suna ɗauke da wani ma'adinin ƙarfe, kuma a 2015 masu bincike a Jami'ar Fotsmos ta Ingila suka auna su suka tarar ƙarfinsu ya zarce na zaren gizo-gizo. Idan ka duba dutsen da kyau a kusa da ita, za ka ga sawun kankarar, layi-layi a karkace.

A cikin wannan shimfiɗa ta kan dutse har da 'ya'yan manyan ciyayin teku, tun suna ƙanana. Katantanwar tana haɗiye su tare da sauran. An ga abin da ke faruwa idan ta ɓace a 1967, lokacin da jirgin dakon mai Torrey Canyon ya yi karo da dutse a kusa da Konwol ta Ingila, ya zubar da ɗanyen mai sama da tan 100,000. Sinadaran da aka fesa don narkar da man sun fi man kansa kashe katantanwa. Cikin 'yan watanni duwatsu suka yi kore shar da ciyawa, daga baya ciyawa mai ruwan ƙasa ta rufe su. Wuraren da aka fi yi wa feshi sai da suka shekara 10 ko fiye kafin su koma yadda suke.

Ban da katantanwa, wa ke cin su?

Tsutsotsin yashi, kaguwa, ƙananan dodon koɗi, kawa da danginta, da kifayen da ke tsotsar laka. Su kuma manyan kifaye da tsuntsaye su cinye waɗannan. A wasu bakunan koguna, an ƙiyasta cewa wannan siririyar shimfiɗa tana samar da har kusan rabin abincin da ake haɗawa da hasken rana a wurin.

An daɗe ana zaton tsuntsaye ba sa cin ta kai tsaye. Sai a 2008 aka buga wani bincike daga Robats Bank, a bakin Kogin Fireza na yammacin Kanada, kan ɗan tsuntsun gaɓa mai suna Calidris mauri. Aka gano yana lasar yauƙin da harshensa mai 'yan gasu a kai, kuma wannan ne kusan rabin abincinsa a lokacin da ya yada zango kan hanyarsa ta zuwa Alaska.

Akwai kuma wadda ta zaɓi ta ajiye su maimakon ta cinye. A gaɓar Roskof ta Faransa, wata 'yar tsutsa mai tsawon milimita kaɗan takan haɗiyi gansakukar Tetraselmis tun tana ƙarama, ta bar ta a raye a jikinta. Idan ta girma sai ta daina ci, ta riƙa fitowa kan yashi tana shan rana, gansakukar tana ciyar da ita. Taronsu yakan mayar da yashi kore, amma da mutum ya buga ƙafa a kusa, sai koren ya nutse.

Na ga kumfa mai ruwan ƙasa a inda igiya ke fashewa. Ƙazanta ce?

Tana iya zama, amma ba kullum ba. A wasu dogayen gaɓoɓin yashi masu ƙarfin igiya, akwai dayatom da suka ƙware a hawan kumfa: da rana su manne da kumfar su yi duhu a saman ruwa. An san haka a Mashigin Algowa na Afirka ta Kudu, da gaɓar Kasino a kudancin Burazil, da gaɓar jihohin Washinton da Oregon. Wannan ba cuta ba ce, abinci ne ga dangin kawa da ke binne a yashin.

Warin teku ma daga gare su yake?

Wani ɓangarensa. Gansakuka da yawa suna ajiye wani sinadari mai ɗauke da farar wuta a jikinsu. Idan suka mutu ko aka cinye su, bakteriya ta farfasa shi, sai iskar da ake kira DMS ta tashi. Tana cikin abin da hanci ke ji a bakin teku.

Akwai masu guba a cikinsu?

Akwai, kaɗan ne, amma ba abin wasa ba ne. Gambierdiscus, wata dainofilajilet da ke manne wa ciyayi da matattun murjani a tekuna masu ɗumi, ita ce tushen gubar siguwatera. An samo sunan Gambierdiscus daga tsibiran Gambiye na Tekun Fasifik, inda aka gano ta a shekarun 1970. Ƙaramin kifi ya ci ta, babba ya ci ƙarami, gubar ta taru a jikin babban. Dafuwa ba ta kashe ta, sanyin firiza ma haka. Wanda ya ci yakan yi amai da gudawa, jiki ya yi ta ƙaiƙayi, kuma wasu idan suka taɓa abu mai sanyi sai su ji kamar wuta.

Ostreopsis kuma a kan duwatsun da ruwa bai yi zurfi ba take zama. A bazarar 2005 ta yi yawa a gaɓar Jenowa ta Italiya, iska ta ɗauko feshin ruwan, mutane kusan 200 suka nemi magani saboda tari, zazzaɓi da ƙaiƙayin ido. Ba sai sun shiga ruwan ba.

Cikin dayatom ma akwai Pseudo-nitzschia, ko da yake ita a cikin ruwa take yawo. Gubarta ce ta taru a jikin wani dangin kawa a Tsibirin Yarima Edward na Kanada a 1987, sama da mutum 100 suka kwanta, aƙalla 3 suka rasu, wasu kuma suka rasa iya riƙe sabon abu a ƙwaƙwalwa. Don haka idan hukuma ta hana ɗibar kawa ko shiga ruwa a wata gaɓa, a bi umarnin, ko da ruwan ya yi garau.

Tun yaushe suke a bakin teku?

Sayanobakteriya ta riga kusan kowa. Ita ce ta fara cika sararin duniya da oksijin, kimanin shekaru biliyan 2.4 da suka wuce. A Hamelin Ful da ke Mashigin Shak na yammacin Ostareliya, har yanzu tana gina wasu dunƙulallun duwatsu a ruwa marar zurfi: yauƙinta ya kama yashi, ta hauro samansa, wani yashin ya sake kamawa, ƙasa da milimita ɗaya a shekara. Gishirin ruwan wurin ya kusa ninka na sauran teku, shi ya kore masu kiwon da za su cinye ta. Dayatom kuwa baƙi ne idan aka kwatanta, a zamanin dainoso, manyan dabbobin nan masu kama da ƙadangare da suka ɓace tun da daɗewa, suka bayyana.

Me ke yi musu barazana?

Duk abin da ya tare haske ko ya ɗauke ƙasar. Yashe ƙasan ruwa yakan gurɓata shi. Takin zamani da ke gangarowa daga gonaki yakan sa koriyar ciyawar teku ta yi tabarma ta rufe laka. Maganin kashe ciyawa, wanda aikinsa hana tsiro amfani da haske, ba ya bambanta ciyawar gona da dayatom idan ya isa teku.

Mafi muni shi ne cike gaɓa. A 2006 Koriya ta Kudu ta rufe katangar Saemangeum mai tsawon kilomita 33, ta raba fili mai faɗin murabba'in kilomita kusan 400 da teku, yawancinsa laka da ruwa marar zurfi, kuma dubban tsuntsayen da ke yada zango a wurin suka rasa makiyaya. Abin da ke damuna shi ne filin laka ba shi da mai kare shi kamar yadda daji ko murjani ke da shi. Mai zanen tashar jiragen ruwa yakan dube shi ya ga fili ne da ba kowa, saboda abin da ke tsirowa a kai ba ya kai tsawon farce.

Zan iya ganinsu da idona?

Ƙwarai, in dai akwai madubin likita, ko da irin na makaranta ne mai ƙara girma sau 100 zuwa 400. Nemi wurin da laka ta yi ruwan zinare, ka yanko samanta da murfin roba ba tare da ka juya ta ba. A gida ka shimfiɗa siririyar takardar goge tabarau ninki biyu a kai, ka ajiye kusa da taga, ba cikin rana kai tsaye ba. Washegari, a daidai lokacin da ruwa ke janyewa a gaɓar, masu tafiyar za su hauro su shige cikin takardar. Ɗaga takardar, ka girgiza ta a ɗan ruwan teku, ka ɗiga ɗigo ɗaya a gilashin madubi. Na kan dutse kuwa, tsohon buroshin haƙori ya isa a kankaro su cikin kwalba. Da ruwan teku za ka yi duk wannan, domin ruwan famfo yakan kashe su nan da nan.

Kafin ka shiga filin laka, ka duba jadawalin cikowar ruwa na wurin, kuma kada ka tafi kai kaɗai. A shimfiɗaɗɗiyar gaɓa ruwa yakan dawo da sauri, wani lokaci ta bayan mutum yake fara cika kwaruruka, laka mai zurfi kuma tana riƙe ƙafa.